Ina barikin sojan Zungeru ya shiga, kuma ta yaya za a gane kufansa?

Tambaya: A Zungeru na tashi a shekarun 1970. Akwai wasu ginshiƙai da kangaye da muke wasa a cikinsu, manya suna cewa nan ne barikin sojan Gwamna Lugga. Ina tuna layin itatuwa, da wani shimfiɗaɗɗen fili, da kwanson harsashi da muke tsinta. Yanzu na koma na kasa gane wurin, kuma ni da yayana mun saɓa a kan inda yake. Mene ne tarihin barikin, kuma yaya zan tabbatar da abin da nake tunawa?

Amsa: Malam, da wuya a ce ginshiƙan nan da kuka yi wasa a kansu su ne inda sojoji suka kwana. A tsofaffin sansanonin zamanin Turawa, abin da ke jure wa shekaru shi ne ɓangaren Turawan: tushen gidajen hafsoshi, ofisoshi, ma'ajiyar makamai, tankin ruwa da maƙabarta. Inda kurtu da kofur da saje suka zauna da iyalansu kuwa, shi ne ke fara ɓacewa, ya koma gona kamar ba a taɓa zama ba. Sai mutanen gari su ɗauki sunan barikin su liƙa wa duk kangon da ya rage a tsaye. Idan ka riƙe wannan, rabin ruɗanin da ke tsakaninka da yayanka zai warware.

Rundunar da ake magana a kanta ita ce West African Frontier Force, wato rundunar sojan mulkin mallaka ta Afirka ta Yamma, wadda Ingila ta kafa a 1897 ta ɗora Lugga a kanta. Sansanoninta na farko suna Lokoja da Jebba, a bakin Kwara, domin a lokacin kogi ne hanya. Ranar 1 ga Janairu 1900 aka ɗaga tutar Ingila a Lokoja aka ce Arewa ta shiga hannun gwamnati. A 1902 Lugga ya ɗauke hedikwata daga Jebba ya kai ta Zungeru, a gefen kogin Kaduna, don ya matso kusa da masarautun da yake shirin ci da yaƙi. Kaya na zuwa ta jirgin ruwa har Barijuko, daga nan wani siririn layin dogo mai faɗin ƙafa biyu da rabi ya ƙarasa da su, tafiyar mil 22 ko kusa da haka. Zungeru na hedikwata aka ci Kano a Fabrairun 1903, aka ci Sakkwato a Maris, aka yi yaƙin Burmi a Yuli, kuma da rikicin Satiru ya tashi a 1906 daga nan aka tura dakarun da suka je suka murƙushe shi. Akasarin sojojin Hausawa ne da Yarbawa da sauran kabilun ƙasar, kuma da Hausa ake ba su umarni.

Wurin bai yi wa Turawan daɗi ba. Ga zafi, ga sauro, ga ƙudan tsando da ke sa wa dawaki sammore, ga shi nesa da manyan garuruwan Arewa. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, kogi ya daina zama dole. Aka zaɓi wurin da dogo ya ƙetare kogin Kaduna can gaba, wato garin Kaduna na yau, aka fara kwashe sojoji zuwa can, a 1917 gwamnati ta bi su. Ka ga ke nan zaman Zungeru a matsayin cibiyar soja bai wuce shekara goma sha biyar ba, kuma lokacin da kuke wasa a can wurin ya yi fiye da shekara hamsin yana kufai.

Yadda aka tashi ɗin ma yana da muhimmanci ga bincikenka. Ba a bar garin da gine-ginensa ba, kwashe shi aka yi. Gidajen Turawa na farko yawanci na katako ne da kwano, an ɗora su a kan ginshiƙai don gudun gara da danshi. Irin wannan gida ana iya kwance shi a loda a jirgin ƙasa, abin da ba a kwance shi kuma gara da gobarar daji da masu neman kwano sun gama da shi. Ginshiƙi ne kaɗai ba ya ɗaukuwa. Ko ƙaramar gadar ƙarfen da aka kafa a Zungeru a 1904, an ciro ta a 1954 an kai ta Kaduna, tana nan a lambun Gamji. Shi kansa siririn dogon Barijuko an tuge shi an yi amfani da kayansa a layin Zariya zuwa Jos. Saboda haka idan ka ga ginshiƙai a jere, tsayinsu ɗaya, tazararsu ɗaya, suna zana siffar ɗaki mai kusurwa huɗu, to ƙasan gidan Bature ne ko ofis. Auna tsawo da faɗin abin da suka kewaye, ka ƙirga su, ka duba ko akwai matakala a gefe ɗaya. Matakala na nuna maka inda ƙofa take, ƙofa kuma na nuna inda hanya ta bi.

Layin sojoji kuwa ɗakunan ƙasa ne da jinka, sau da yawa su sojojin ne da leburori ke gina su, a jere, kowane kamfani da nasa layi. Ɗakin ƙasa rayuwarsa na hannun rufinsa. Da zarar jinka ta ruɓe ko ta ƙone, damina biyu ko uku ta isa ta narkar da bangon. Abin da ke saura shi ne 'yan tuddai marasa tsayi a jere, da kaskon tukwane, da dutsen niƙa, da juji. Jujin ya fi komai daɗewa: ƙasarsa baƙa ce saboda toka, ciyawa ta fi yin kore a kansa, kuma manomi ya san shi don amfanin gona ya fi kyau a wurin. Kada ka neme shi a jikin ginshiƙan. Turawa sun riƙa barin fili tsakaninsu da mazaunin baƙar fata saboda tsoron zazzaɓi, har daga baya aka sa a doka cewa tazarar ta kai yadi 440, wato kimanin mita 400. Don haka idan ka tabbatar da ɓangaren Turawa, ka zana da'ira mai nisan mita 400 zuwa kilomita ɗaya, ka nemi layin soja a cikinta, musamman wajen da ya fi kusa da ruwa da filin fareti.

Mu dawo kan abubuwa ukun da ka ce kana tunawa, don kowannensu na iya faɗa maka zamaninsa.

Layin itatuwan, wace irin bishiya ce? Idan dogon yaro ne, to ba na zamanin Lugga ba ne, domin sai wajen ƙarshen shekarun 1920 aka shigo da shi Nijeriya, bayan an bar Zungeru da shekara goma. Irin wannan layi zai fi kama da aikin reluwe ko na En'e ko na makaranta. Idan mangwaro ne ko maɗaci masu kaurin gindi, zancen na iya komawa baya. Ko an sare su, kututture da ramukan saiwa na nan, kuma tazarar da ke tsakaninsu iri ɗaya ita ce shaidar cewa dasa su aka yi a gefen hanya.

Shimfiɗaɗɗen filin na iya zama filin fareti. Alamarsa ita ce ƙasa mai tauri wadda aka baje aka daddaɓe da tsakuwa, ruwa ba ya kwanciya a kai, garma na wahala a cikinta, kuma sau da yawa akwai lambatu a gefe. Irin waɗannan filaye ba sa ɓacewa da sauri don gari na gadonsu: su zama filin ƙwallo, ko na makaranta, ko tashar mota, ko masallacin idi. Amma filin wasan Turawa ma haka yake, saboda haka fili shi kaɗai ba hujja ba ne.

Kwanson harsashi shi ne ya fi iya ba da shekara, shi ne kuma ya fi yaudara. A gindin kowane kwanso akwai tambarin masana'anta, kuma yawancin na soja suna ɗauke da shekarar da aka ƙera su. Bindigogin sojan Ingila na wancan zamani suna amfani da harsashi samfurin .303, wanda gindinsa ke da baki mai fitowa waje. Idan ka ga VII a jikinsa, bai riga 1910 ba. Samfurin 7.62, wanda ke da tsagi a gindi a maimakon baki, na bayan samun 'yancin kai ne ko dab da shi. Kwanson da bakinsa ke a tsuke kamar tauraro na atisaye ne, ba shi da kai. Sai dai shekarar da ke jiki ta ƙira ce, ba ta harbi ba, ana iya harba shi bayan shekara ashirin. Kuma 'yan sanda sun ci gaba da riƙe bindigogi masu cin .303 tsawon lokaci bayan soja sun bar su. Idan akwai wanda ya ajiye ɗaya a cikin abokan wasanku, ɗauki hoton gindinsa da haske daga gefe. Wurin da kuka fi tsintarsu da yawa ba mazauni ba ne, filin koyon harbi ne, wanda ake yi a bayan gari a fuskanci tudu ko dutse.

A nan ne ya kamata ka yi hattara da wani abin da ke rikita masu irin shekarunka a duk faɗin ƙasar. Kafin yaƙin basasa sojan Nijeriya kimanin dubu goma ne, amma zuwa 1970 ya kai kusan dubu 250. Babu barikin da zai ɗauke su. Aka zuba su a makarantu, da tsofaffin gine-ginen gwamnati, da gidajen haya, da bacoci na kwano da katako a gefen garuruwa. Sai a cikin shekarun 1970 aka riƙa rage yawansu ana gina sabbin barikoki, bacocin kuma suka watse ba tare da sun shiga wata taswira ba. Mutane da yawa da ke cewa sun taso kusa da barikin Turawa, a gaskiya sansanin bayan yaƙi suke tunawa, ko kuma sun haɗe biyun sun zama ɗaya. Guntayen rufin asbestos da bulon siminti mai rami na wannan zamanin ne, jan bulo da ginin dutse da turmin farar ƙasa sun fi tsufa. Sannan ba duk inda Bahaushe ya kira bariki ne soja suka zauna ba. Masaukin Joji ko na Di'o ma bariki ake ce masa, haka sansanin 'yan haƙar kuza irin su Barikin Ladi. Ka tambayi dattijon da ya ce maka bariki ne: barikin wa?

Game da saɓaninka da yayanka, kada ku zauna ku yi ta musu har ɗaya ya rinjayi ɗaya, don daga ranar labarinku ya zama guda kuma kun yi asarar shaida ɗaya. Ƙwaƙwalwar yaro tana da inda take da ƙarfi da inda take da rauni. Tana riƙe jerin hanya da kyau: daga gida a bi ta bayan masallaci, a ƙetare dogo, a gangara rafi. Tana riƙe abin da ke dama da abin da ke hagu, da wari, da sauti. Amma ba ta da tabbas a kan girma da nisa da shekara. Katangar da ta fi ƙarfin ɗan shekara bakwai wataƙila iya ƙirjinka take yau, tafiyar da kuke gani mai nisa kuma ba ta wuce minti goma ba. Abin da mutum ya ce ya gani yana ƙasa da shekara huɗu, galibi labarin da aka ba shi ne.

Ga yadda za ku yi. Kowa ya ɗauki takarda shi kaɗai, kafin a duba wani hoto ko taswira, ya zana hanyar daga ƙofar gidanku zuwa wurin, ya sa duk abin da ake wucewa. Ya nuna inda rana ke faɗuwa idan ana tsaye a wurin, da inda alƙibla take. Ku dogara da abubuwan da ba sa motsi: layin dogo, tashar jirgi, gada, kogi, dutse, maƙabarta. Kada ku dogara da kasuwa ko titi ko gidan wani, waɗannan suna tashi. Sai ka nemi mutum huɗu ko biyar, kowa daban, har da mata, don su ne suka san rijiyoyi da hanyar itace, da tsofaffin ma'aikatan reluwe, da manoman da ke noma wurin. Kada ka ce wa mutum "ba nan ne barikin yake ba?", zai ce maka nan ne don kunya. Ce masa ya kai ka. Kuma a kowace magana ka tambaya: da idonka ka gani, ko gaya maka aka yi, wa ya gaya maka? Ka tuna duk wanda ke raye yau bai ga sojan Lugga a Zungeru ba, abin da zai ba ka na kaka ne ko na uba.

Wajen shekara, kada ka tambayi lamba, jingina ta da abin da kowa ya sani. An koma tuƙi ta hannun dama a Afrilun 1972. An bar fam da sule an koma naira a Janairun 1973. An kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, a Satumbar shekarar kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta. Tambayar "lokacin da aka rushe ginin, da sule ake ciniki ko da kwabon naira?" ta fi "a wace shekara?" amfani nesa ba kusa ba.

Daga nan sai takardu. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna shi ne wurin farawa. Nemi kundin sakataren lardunan Arewa, wanda ake yi wa laƙabi da SNP, da na lardin Neja, wato Minprof. Kada ka tsaya kan kalmar bariki kawai, fayilolin da suka fi amfani su ne na tsafta da lafiya, na ma'aikatar ayyuka, na filaye, da na ƙaura zuwa Kaduna, domin likita da injiniya su ne ke bayyana inda layin soja yake da nisansa daga ruwa, wani lokaci har da zane. Rubutun sunan gari na canzawa a tsofaffin takardu, saboda haka gwada kowace siga. Gidan Arewa, shi ma a Kaduna, na da rahotannin shekara-shekara da kundayen bincike. A Ingila, gidan adana takardu na Kew na riƙe wasiƙun Arewa a ƙarƙashin CO 446, na rundunar kuma a CO 445, kuma ana iya duba jerin sunayensu ta intanet. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da dutsen tunawa a Zungeru na sojojin da suka mutu a yaƙin duniya na farko, wannan da maƙabartar Turawa tabbatattun wurare ne da za ka riƙa aunawa daga gare su.

Taswira kuma tana da nata tarkon. A mai ma'aunin 1:50,000, milimita ɗaya mita 50 ce a ƙasa, ɗakin soja ba zai fito ba, sai hanya da rafi da dogo. Hoton sama ya fi ta. Akwai waɗanda Ingila ta ɗauka da jirgi don aikin taswira a shekarun 1950 da 1960, suna ajiye a Edinbara. Akwai kuma na tauraron leƙen asirin Amurka mai suna CORONA, na 1960 zuwa 1972, da aka saki a 1995, ana nemansu a shafin EarthExplorer, mafi kyawunsu na nuna abin da ya kai mita biyu. Waɗannan su ne suka fi kusa da Zungerun da ka sani. Google Earth na da maɓallin komawa baya, amma hotunansa masu kaifi yawanci na bayan 2000 ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwafo lambobin wuri daga tsohuwar taswirar Nijeriya a zuba a waya. Tsofaffin taswirorin kan tsarin lissafin wuri na Minna aka yi su, waya kuwa da wani tsarin mai suna WGS84 take aiki, bambancin na kaiwa mita 80 zuwa 100, wanda ya isa ya kai ka gonar wani. Maganinsa shi ne ka ɗora tsohon hoto a kan sabo ka daidaita su da wurare uku aƙalla waɗanda ba su motsa ba, kuma su kasance nesa da juna, kamar gada da tasha da mahaɗar rafi. Ka kuma sa a ranka cewa aikin madatsar ruwan Zungeru mai megawat 700 ya kawo sabbin hanyoyi da ramukan ɗibar ƙasa da gine-gine, saboda haka wani tudu ko rami da za ka gani na jiya-jiya ne.

Lokacin zuwa wurin shi ne Disamba zuwa Fabrairu, bayan an girbe an ƙone ciyawa, da sassafe ko da la'asar sakaliya, sa'ad da inuwa ke kwanciya ta fito da 'yan tuddan da ba a gani da tsakar rana. Fara da gidan mai unguwa ko dagaci, ka faɗi abin da ya kawo ka, a haɗa ka da ɗan gari. Wannan ladabi ne, kuma tsaro ne, don yankin ya sha fama da 'yan bindiga kuma baƙo mai auna fili da waya abin zargi ne. Tafi da tef na mita 30 ko 50, da littafi, da sanda mai alamar mita ɗaya da za ka riƙa ajiyewa a cikin kowane hoto. Idan ka ci karo da turken siminti na safiyo, rubuta lambar da ke kansa, ofishin babban safiyon jiha na iya gano maka filin da ya shata da wanda aka yi wa.

Kada ka yi tono. Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta hana haƙa irin waɗannan wurare ba tare da izini ba, kuma abin da aka ciro daga inda yake ya rasa rabin bayaninsa. Idan wani ɓangare na filin na hannun soja har yanzu, ko da ba kowa a ciki, nasu ne, dokar filaye ta 1978 ba ta taɓa mallakar gwamnatin tarayya ba, ɗaukar hoto a wurin soja kuma na iya jawo maka tsarewa, sai da takardar izini. Kwanson da aka riga aka harba ba ya cutarwa, amma harsashi mai kai, da gurneti, da duk wani ƙarfe mai siffar kwalba ko mai fikafikai a gindi, tsatsa ba ta kashe su, tana ƙara musu saurin tashi ne. Bayan fashewar ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu 2002, wadda ta ci rayuka fiye da dubu, an daɗe ana tsintar bama-baman da ba su tashi ba a unguwannin kewaye. Idan ka ga irin wannan, kada ka taɓa, kada ka jefe shi, kada ka bari a kai wa 'yan gwangwan. Sa alama daga nesa, ka janye yara, ka sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa don su kira masu kwance bam.